Ruwa a Ƙarƙashin Kafet

Duk motar da esinta ke aiki sosai dole ta zubar da ruwa. Wanda ya duba ƙasa a harabar masallacin Juma'a cikin watan Agusta, bayan motoci sun watse, zai ga shaida: ɗan jiƙo a nan, ɗan jiƙo a can, kowanne daidai inda gaban mota ya tsaya, galibi ta wajen kujerar mai zaman banza. Ruwa ne garau, ba launi ba wari. Da yawa cikin masu mota idan suka hango shi gabansu yakan faɗi, su zaci lagireto ne ya fashe, alhali wannan ɗigon alamar lafiya ce. Ranar da ya kamata hankalin mutum ya tashi ita ce ranar da ya kunna esi a tsakiyar damina, ya yi doguwar tafiya, ya tsaya, ya leƙa ƙasan mota ya tarar da wurin a bushe. Ruwan bai daina taruwa ba. Galibi hanyar fitarsa ce ta toshe, zai kuwa nemi wata, kuma yawanci a ƙafar wanda ke zaune a gaba yake sauka.

Mu da muka buɗe ido a zamanin Peugeot ba mu taso da wannan matsala ba. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, 504 ta zama motar kowa: ta ma'aikacin gwamnati, ta ɗan kasuwa, ta haya tsakanin Kano da Zariya. Akwai masu iyakwandishan a cikinsu, amma na manya ne, kuma ko su ɗin idan gas ya tsiyaye ba kowa ke damuwa ya sake ɗurawa ba. Sauran jama'a gilashi suke murzawa ƙasa da hannu, iska ta shigo da zafinta da ƙurarta, in an isa a karkaɗe hula. In ka ga ruwa a cikin mota a wancan lokaci, to na sama ne: ko robar gilashin gaba ta tsufa, ko tsatsa ta huda ƙasan motar ka ratsa kududdufi. Maganinsa tsumma da rana. Ƙarƙashin ƙafarka ƙarfe ne da shimfiɗa, babu wani abu a wurin da zai lalace wanda fanal bita ba zai iya gyarawa ba.

Bayan 1986 ne labari ya sauya, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai 'yan Kwatano suka cika gari, waɗanda ake kira Beljiyam: Golf, Passat, Honda Accord, Toyota Corolla da Camry. Da yawa daga cikin waɗanda aka kawo daga Turai ba su da esi, don can ƙasar sanyi ce, hita suka fi bukata. A nan gida ake ɗaura musu, kuma ɗaurin ya danganta da hannun da ya yi shi. Shi ya sa dillali yakan buga ƙirji ya ce wa mai saye, "Alhaji, esinta na kamfani ne." Da motocin Amurka suka yawaita, kusan kowacce da nata take zuwa. A 'yan shekarun ne kuma aka bar tsohon gas, R-12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illar da yake yi wa sararin samaniya, aka koma R-134a. Kafin mu ankara, abin da yake na manya ya zama abin da ko malamin makaranta ba zai sayi mota babu shi ba.

Mun karɓi sanyin hannu biyu, kuma ba na ganin laifin kowa. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ƙofar Nasarawa ta Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san ba gata ba ne kawai. Abin da ba mu karɓa tare da shi ba shi ne sanin yadda na'urar take aiki, ko da a taƙaice.

A bayan dashbod, inda ido ba ya kai, akwai wani akwatin roba. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe na alminiyam mai siraran fikafikai jere rututu, masu gyara suna ce masa ibaforeta. Gas ɗin esi yana isowa gare shi a matse, sai ya saki jiki ya zama tururi, a sakin jikin nan ne yake zuƙe zafi, ƙarfen ya yi sanyi ƙarara. Fanka ta huro iska ta ratsa fikafikan, ta fito ta ƙofofin dashbod da sanyinta. To iska in ta yi sanyi ba ta iya riƙe danshin da take ɗauke da shi tana da ɗumi, sai ta sauke shi a jikin ƙarfen. Abin da ke faruwa da gorar zoɓo ke nan in an ciro ta daga firij an ajiye a kan tebur: nan da nan jikinta ya yi gumi, gumin ya gangaro ya kwanta a gindinta. Saboda haka aka yi gindin akwatin a karkace zuwa wata 'yar ƙofa, aka maƙala mata tiyon roba da bai fi kaurin yatsa ba, ya ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota, ko ya bi ta ƙasa, ya zubar a waje. Ba famfo, ba lantarki. Gangara ce kawai ke tafiyar da ruwan, don haka ɗan abu kaɗan ya isa ya tsayar da shi.

Ƙasarmu kuwa ta tanadi wannan ɗan abu fiye da ƙasashen da aka ƙera motocin dominsu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na ta sauke ƙura, mai laushin da ke shiga ko'ina. Bazara ta zo, esi na aiki daga safe har dare, fanka na zuƙo ƙurar tana jibgewa a fikafikai da gindin akwati. A duk watannin nan iska a bushe take, ruwan da ke taruwa bai taka kara ya karya ba, balle ya wanke hanya. Sai iskar damina ta juyo da danshinta a wajen Yuni, ruwa ya fara kwarara a kan ƙurar wata bakwai. Ƙura da ruwa taɓo ne, taɓon kuma hanya ɗaya gare shi, bakin tiyon nan. A ƙara da ganyen darbejiya da furenta da ke zubowa a gindin gilashin gaba, inda motar ke shaƙar iska, tun da dukkanmu inuwarta muke nema mu ajiye mota. Wannan ne dalilin da ya sa ƙorafin jiƙewar kafet yake taruwa a Yuli da Agusta, lokacin da kowa zai fi saurin ɗora wa ruwan sama laifi.

Akwai kuma zanzaro. Duk ramin da ya yi daidai da shi yana so, kuma bakin tiyo busasshe, a inuwa, a ƙasan motar da ba ta motsi, gida ne da ba ya wucewa. Zai kwaso laka ya liƙe shi tsaf. Wannan ya ƙaru tun bayan 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur. Mutane da yawa sun kashe esi don tattalin mai, wasu ma sun jingine motar gaba ɗaya sai ranar biki ko tafiyar gida. Na'urar da ta yi watanni ba ta zubar da ruwa ba, ranar da aka kunna ta don baƙo ko don zafi ya yi yawa, ranar ce ruwan zai tarar da ƙofa a rufe.

Abin da na fi ganin ya ragu a garejinmu shi ne tambaya. Ruwa iri uku ne ke iya kwanciya a gaban mota, kuma ana rarrabe su ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Na esi mai sanyi ne, garau, yana zuwa ne in an kunna na'urar, ko da sati guda ba a yi ruwan sama ba. Sau da yawa za ka ji motsinsa a bayan dashbod in ka sha kwana, wani lokaci ma ya zubo gaba ɗaya a kwanar, ko fanka ta feso shi ta ƙofofin iska. Na sama kuwa yana biyo hadari ko wankin mota, ta robar gilashi, ta ƙofa, ta magudanar gindin waifa in ta toshe, ko ta 'yan tiyon tagar rufi ga motar da ke da ita. Na uku shi ne mai hatsari, ruwan lagireto, wanda ke zagayowa cikin dashbod ta hita. A ƙa'ida yana da launi, kore ko ja, da santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Amma a nan mu da yawa ruwan famfo muke ɗura wa lagireto, saboda haka launi ba zai taimake ka ba. Sai dai ka taɓa ka ji ko da ɗumi, ka lura ko gilashin gaba yana yin hazo daga ciki, ka kuma duba da safe kafin a tada inji ko ruwan lagireton yana raguwa. In yana raguwa, maganar ta wuce ta kafet, inji ne ke cikin haɗari.

Na taɓa zaune a garejin wani dattijo mai gyaran esi a Kano, wani matashi ya shigo da Corolla, ransa a ɓace. An ce masa sai an sauke dashbod an canja ibaforeta, an kuma yanka masa kuɗin da ya kusa albashinsa. Dattijon bai ko buɗe bonet ba.

"Samari, yaushe kake ganin ruwan? In an yi ruwan sama, ko in ka kunna esi?"

"Wallahi Baba ban lura ba. Ni dai kullum a jiƙe nake ganin wurin."

"Sanyin fa, ya ragu?"

"A'a, sanyi kam tana yi."

"To wanda ke yin sanyi bai fashe ba."

Ya sa yaronsa ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, aka kunna esi, aka rufe ƙofofi, ya koma ya ci gaba da aikin da yake yi. Bayan ɗan lokaci aka jawo kwalin, a bushe. Sai aka hau da motar kan rami, ya sauka da tocila, ya bi bangon bayan inji da hannu har ya kamo bakin tiyon. Ya matsa shi tsakanin yatsu biyu, ya murza. Wani dunƙulen baƙin taɓo ya faɗo, sai ruwa ya biyo baya da ƙarfi, ya bi hannunsa har gwiwar hannu ya jiƙa masa riga. Da fari ja ne mai kauri, da guntayen ganye a ciki, can ya washe ya koma garau, ya rage zuwa ɗigo. Ya ɗauko wata igiyar roba mai laushi, ya zura a hankali tsawon ɗan yatsa biyu, ya juya ta, ya zaro. Shi ke nan aikin tiyo. Sauran lokacin da ya ɓata, wajen yi wa matashin bayanin yadda zai busar da motar ya ɓata shi.

Tambayarsa ta biyu ita ce ta raba gardama. In ibaforeta ya huje, gas ne zai gudu, sanyi ya tafi. Ruwa ba daga cikinsa yake fitowa ba, a jikinsa yake taruwa. Duk mai gyaran da ya san haka ba zai ce a canja shi saboda kafet ya jiƙe ba. Amma yau amsa biyu ce ta fi yawa a bakin masu sana'ar: ko "gas ne", ko "sai mun sa mata kwamfuta". Ba na raina kwamfuta. Motocin yanzu ba sa gyaruwa babu ita, kuma yaran da suka iya karanta ta sun ceci mutane daga canje-canjen kaya na lalube. Sai dai babu wata na'ura a jikin tiyon nan da za ta aika wa kwamfuta saƙo. Ido da yatsa ne kaɗai ke gano shi, da haƙurin jiran kwali ya jiƙe ko ya ƙi jiƙewa. Kuma gaskiyar magana, aikin da aka gama cikin minti goma ba ya kawo kuɗin da sauke dashbod ke kawowa, ga hayar gareji, ga yara, ga mai. Na fahimci matsin. Amma wanda aka sauke wa dashbod a banza ba kuɗi kaɗai ya yi asara ba: 'yan maƙallan roba da suka sha ranar shekara goma sha biyar karyewa suke, kuma motar da wuya ta daina ƙarar kwaram-kwaram bayan nan.

A ɗaya gefen kuma akwai masu garaje, waɗanda suka san tiyon ne amma suke far masa da ƙarfi. Wani zai samo waya mai tauri, ko sifok ɗin keke, ya danna har ƙurya. A ƙarshen hanyar nan ibaforeta ne, bangonsa siriri, tsini ɗaya ya ishe shi. Sai a zo gyaran kyauta a koma da gyaran da aka guje wa. Wani kuma zai kai wa mai faci ya sa bakin iskar tayar mota ya buga da dukkan ƙarfinta. Wani lokaci a dace. Wani lokaci iskar ta tsige tiyon daga mazauninsa ta ciki, ko ta watsa taɓon ya koma kan fikafikai, bayan sati biyu ya sake gangarowa. In za a yi amfani da iska, a yi kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi shi ne a zuƙo dattin waje maimakon a tura shi ciki.

Ba kullum ne toshewa ba. A wasu motocin tiyon yana bi ta gefen ƙafar fasinja kafin ya fita, ƙafa ko tabarmar roba ta iya ture shi ya zame, haka ma hannun mai sa rediyo ko na'urar bin sawun mota. In haka ne, ruwan kai tsaye yake zuba, mayar da shi kawai za a yi a ɗaure. Yakan lanƙwashe, yakan tsage don tsufa. Bututun sanyi da soson jikinsa ya zube shi ma yana gumi yana ɗiga. Sai kuma cutar da mu muka jawo da hannunmu, wato "dairek". Kamfani ya sa wata 'yar na'ura da ke kashe kwamfuresa, mai matse gas ɗin, in sanyi ya kusa daskarar da ruwa. In ta lalace, maimakon a canja ta, sai a tsallake ta a haɗa waya kai tsaye, mai mota ya yi murna esinsa na sanyi har haƙori. Ruwan jikin fikafikan sai ya zama ƙanƙara, iska ta ragu a hanya, in an kashe mota ƙanƙarar ta narke lokaci guda fiye da abin da tiyo zai iya ɗauka.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan ƙaramar matsala da muhimmanci shi ne abin da yanzu yake kwance a inda ruwan ke sauka. Ƙarƙashin kafet ɗin motar zamani akwai soso ko auduga mai kauri, don hana ƙara da zafi shigowa, kuma tana shan ruwa ta riƙe. Saman kafet zai iya bushewa ka taɓa ka ji garau, ƙasa kuwa tana jiƙe sharkaf makonni. A cikin wannan laimar wayoyi suke bi a ɗaure, da mahaɗansu. Fankar esi da abin da ke daidaita gudunta a nan kusa suke, su ne ma suka fi saurin tafiya. A wasu Honda Accord na shekarun 1990 ƙwaƙwalwar motar a ƙarƙashin kafet ɗin ƙafar fasinja take, wasu motocin kuma a bayan aljihun dashbod. Ruwa ba ya kashe waɗannan a rana ɗaya. Bakin wayoyin ne ke yin kore a hankali, sai bayan damina ta wuce, an manta da maganar jiƙewa, wuta ta fara kamawa a dashbod, gilashi ya ƙi sauka, mota ta riƙa mutuwa a hanya. A lokacin mai waya zai yi ta lalube, a yi ta zarya kasuwar Ƙofar Ruwa ana sayo kaya, ba wanda zai tuna da tiyo.

Ga kuma wari. Wanda ya shiga irin motar nan da rana bayan ta wuni a rufe ya san shi, warin rima da fumfuna. Abin da muka saba yi shi ne mu rufe shi da turare, wasu har da na wuta. Hanci ya huta, amma iskar da fanka ke zagayawa da ita ta kan fumfunar nan ita ce yara ke shaƙa a hanyar makaranta, gilashi a rufe, kuma mai asma a cikinsu shi ne zai fara nunawa.

Wani abu da ya zo da sababbin motoci, wanda na ɗauka alheri ne, shi ne matatar iska ta cikin mota, wadda a yawancinsu tana bayan aljihun dashbod. Aikinta ta tare ƙura da ganye kafin su kai ga ibaforeta. A ƙasa irin tamu tana cika da wuri, iska ta ragu, sai a je wajen mai gyara ya zare ta ya jefar ya ce ga shi iska ta dawo. Ta dawo ɗin, amma daga ranar duk abin da matatar ke tarewa a gindin akwati zai sauka. Kuɗinta bai kai na fanka ba, balle na ƙwaƙwalwa. Ni dai ina ganin lokacin canja ta shi ne in hunturu ya wuce, sannan a farkon damina a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota a kunna esi a ga ko yana ɗiga. A kwashe ganyen gindin waifa. Ko ana tattalin mai, a riƙa kunna na'urar na 'yan mintuna lokaci-lokaci. Hakan yana wanke hanyar, yana kuma hana robobin kwamfuresa bushewa.

In kuwa ruwan ya riga ya shiga, buɗe tiyo rabin aiki ne. Sai an cire tabarmi, an ɓalle robar bakin ƙofa, an ɗaga kafet ɗin an kai ga soson ƙasa. A matse shi da tawul har ya daina fitar da ruwa, a tokare kafet ɗin da katako iska ta shiga, a bar ƙofofi a buɗe a rana, in da hali a sa fanka. In ya kai har ƙarƙashin kujera, a cire kan batir tukuna kafin a kwance ta, saboda wayoyin jakar iska da ke wurin. A duba kowace mahaɗar waya da ruwa ya taɓa, a busar da ita, wadda ta fara kore a goge ta tun yanzu. A damina wannan yakan ɗauki kwana biyu ko uku, kuma ba a mayar da kafet sai an danna soson da tafin hannu an ɗago a bushe.